A Dubi Hayaƙi Kafin a Kwance Inji

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin direbobi game da tsofaffin manyan motocin dizil masu wahalar tashi. Zafin matsin iska ne ke kunna man dizil, saboda haka raunin batir, ko tsatsa a kawunansa, ya isa ya hana injin juyawa da saurin da zai kama. A lura da salansa yayin tayarwa: idan babu hayaƙi, mai ba ya isowa, wataƙila iska ta shiga bututu ko filta ta toshe. Farin hayaƙi kuwa alama ce ta man da ya iso bai ƙone ba, sai a binciki hita mai ɗumama cikin injin kafin ya tashi, nozul mai fesa mai cikin injin, da ringin fistin mai hana matsin iska zurarewa. A ganina, ganganci ne bakanike ya kwance famfon mai kafin ya duba waɗannan.

Naku,
Wani mai karatu