Gafarar Me Yake Nema, Kuma Wurin Wa? Amsa Ga Malam

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ranar da na karanta babi biyu daga littafin da nake rubutawa a gaban 'yan'uwa marubuta, ka miƙe ka yi mini tambaya a bainar jama'a. Ka ce Bayahuden nan na cikin labarina, wanda aka kashe masa mata da 'ya a Yaƙin Duniya na Biyu, gafarar me kuma yake nema, kuma wurin wa? Ka ƙara da cewa kana tsoron kada in sauke wa azzalumi kaya in ɗora wa wanda aka zalunta. A ranar bakina ya yi nauyi. Tun da a fili aka yi tambayar, ga amsar a fili.

Mutumin ni na ƙirƙire shi, amma garin da na ajiye shi da makon da ya lalata masa rayuwa duk tarihi ne. A 1940 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a lokacin, suka killace Yahudawan birnin Lodz na ƙasar Poland, mutum sama da 160,000, a cikin unguwa guda da aka zagaye da waya. Suka naɗa wani dattijo daga cikinsu, Chaim Rumkowski, ya shugabance su, suka kuma sa aka kafa 'yan sanda daga cikin mazauna unguwar. Ranar 4 ga Satumba 1942 Rumkowski ya tsaya gaban taro ya roƙi iyaye su miƙa 'ya'yansu, domin Jamusawa sun ce a ba su yara 'yan ƙasa da shekara 10 da tsofaffi da marasa lafiya. Cikin mako guda aka kwashe mutum fiye da 15,000 zuwa Chelmno, inda ake cusa mutane a bayan manyan motoci a juya musu hayaƙin injin har su mutu.

An yi wa 'yan sandan unguwar alkawarin cewa idan suka taya kamen, za a bar musu nasu 'ya'yan. Mutumina ɗaya ne daga cikinsu. Yana da 'ya mai shekara biyar. Shi ya shiga gidan maƙwabciyarsa, ya janyo ɗanta daga ƙarƙashin gado, yaron yana kiransa da sunan da ya saba kiransa, ya ɗora shi a keken doki da hannunsa. 'Yarsa ta ƙara shekara biyu a duniya. A watan Agusta 1944 aka kwashe sauran mutanen unguwar zuwa sansanin kisa na Auschwitz, har da Rumkowski kansa, a can aka raba mutumina da 'yarsa da uwarta a bakin jirgin ƙasa. Shi kaɗai ya fito.

To Malam, ka ga abin da yake nema wa gafara ke nan. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa kisan na masu bindiga ne. Su suka gina wayar, su suka ƙayyade adadin, su suka shirya abin yadda uba ba zai ceci ɗansa ba sai da ɗan wani, kuma da gangan suka yi hakan domin su shafa wa waɗanda suke kashewa jinin juna. A littafin ban rage musu ko ƙwayar zarra ba. Sai dai shi mutumin ba alƙali ba ne da zai zauna ya raba laifi kashi-kashi. Abin da ya sani shi ne nauyin yaron a kafaɗarsa. Idan na sa shi ya tashi daga yaƙi yana cewa tilasta ni aka yi, ya yi barcinsa lafiya, na yi masa ƙarya. Ko waɗanda ba su taɓa kowa ba, da yawansu sun rayu suna tuhumar kansu kan lomar burodin da suka ci a ɓoye, ko kan kawai sun rayu ƙannensu sun mutu. Balle shi.

Rabi na biyu na tambayarka shi ya fi hana ni barci: wurin wa? A addininsu akwai hukuncin da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Laifin da ke tsakanin mutum da Ubangiji, tuba da azumin ranar Yom Kippur suna kankare shi, amma haƙƙin ɗan'uwa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Mu ma abin da aka karantar da mu ke nan, shi ya sa mai tafiya Hajji yake bin gida-gida yana cewa a yafe masa. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta ƙasar Spain da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa idan mai haƙƙin ya riga ya mutu, sai mai laifin ya tara mutum goma, su je bakin kabarinsa, ya faɗi laifinsa a gabansu.

Yaron ba shi da kabari. A Chelmno ƙona gawarwaki aka yi, aka niƙa ƙasusuwa a daji. Uwarsa ma ba ta tsira ba. Wasu a wurin taron sun ba ni shawara in fito da wata gwaggo ko wani ƙani da ya rage, ya rungume shi ya ce na yafe maka, mai karatu ya samu sauƙi. Na gwada, Malam, na rubuta shafi huɗu, na yaga. Gwaggo ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba, ni ma marubuci ba ni da shi, don alƙalami a hannuna bai mayar da ni mai haƙƙi ba.

Shi ya sa a babin ƙarshe, wanda ban karanta muku ba, ya tsufa, ya roƙi mutum goma su raka shi dajin. Ya yi ta zagaye yana neman inda zai tsaya bai samu ba, har ya tsaya a inda ƙafarsa ta gaji. Ya ambaci sunan yaron da na uwarsa, ya faɗi abin da ya yi tun daga ƙofar gidan har keken doki, bai ce an tilasta shi ba. Mutum goman suka saurara har ya gama. Babu wanda ya amsa masa a madadin yaron, suka juyo tare zuwa mota.

Idan an gama bugawa, kai zan fara kawo wa, ka karanta babin nan ka faɗa mini ko har yanzu kana ganin na zalunce shi.

Ɗalibinka.