Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi: A Cire Kwaɗon Da Ke Jikin Kabad Ɗin Littattafai

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya fama da jama'a? Ba zan ja gaisuwa ba, na san takardu sun cika maka tebur.

Ni malamar aji uku ce a wata firamare ta gwamnati da ke bayan gari, bana shekarata 21 ina riƙe da alli. Wani kabad na ƙarfe da ke ofishin hedimastanmu ne ya sa na ɗauki biro. A cikinsa akwai kwali huɗu na littattafan labarai na yara, masu manyan baƙaƙe da hotuna masu launi. Shekara uku ke nan da kawo su. Ranar an kafa rumfa, an ɗauko lasifika, an jera yaran da rigunansu suka fi haske, aka miƙa wa kowa ɗaya aka ce ya yi murmushi. Mai hoto na gamawa aka bi su aka karɓe, aka mayar cikin kwali, aka danna kwaɗo. Makon jiya hedimasta ya buɗe zai ɗauko rajista, na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Gara ta shiga kwalin ƙasa ta yi gini har tsakiya, in ka ɗaga littafi sai ya zube gari. Ashe gara ta riga ɗalibaina sauke karatun. Allah ya ba ta ilimi mai amfani.

Kada ka yi saurin cewa a kira hedimastan a tuhume shi. Mutumin kirki ne, lissafi kawai ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Duk lokacin da masu zagayen duba makarantu suka zo, takardar da ke hannunsu gida biyu gare ta: nawa aka kawo, nawa suka rage. In ɗaya ya ɓata ko bangonsa ya cire, sai takardar tuhuma, wani lokaci har da barazanar yankar albashi. A duk tsawon aikina ban taɓa ganin jami'in da ya kira yaro ya ce, "Zo ka ba ni labarin da ke cikin wannan" ba. To wane hedimasta ne zai ba ɗan shekara takwas littafi ya kai gidan da akuya ke yawo a tsakar gida, alhali ya san a aljihunsa abin zai ƙare? Wanda ya kulle shi ake yabo, wanda ya raba shi ke shan faɗa. Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba, daga ma'aikata ya fito, kuma ma'aikata ce kaɗai za ta iya warware shi.

Ka fi ni sanin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Ka fi ni sanin kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ke warewa don kayan koyarwa. Duk ranar 8 ga Satumba kuma, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, muna jin manya a rediyo suna kukan al'adar karatu ta mutu, yaran zamani sun fi son waya. Ranka ya daɗe, yarana 83 a aji, babu mai waya ko ɗaya a cikinsu. Yawancinsu ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya da littafin labari ba. Abin da bai taɓa rayuwa a hannunsu ba, ta yaya za a ce ya mutu?

Bari in ba ka abin da idona ya gani. Ina da wani tsohon Magana Jari Ce da na gada wurin mahaifina, bangonsa duk salatif. Ranar Alhamis, minti 20 kafin tashi, nakan ajiye alli in karanta musu labari ɗaya. Ajin da sai na ɗaga bulala yake yin shiru, da na buɗe shafin sai ka ji kamar ruwa ya cinye su. In na tsaya inda aku ya tsaya, har ƙofar makaranta suke bi na suna roƙon in ƙarasa. Akwai wata yarinya mai tallar awara, kullum a makare take zuwa, kullum tana gyangyaɗi a bencin baya. Ta yi ta naci har na ba ta aron wani ɗan littafin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da na saya da kuɗina. Ran Litinin ta dawo da shi da tabon miyar kuka a shafi na biyar, tana ta ba ni haƙuri kamar za ta yi kuka. Da na bincika, ashe sau uku ta karanta wa kakarta a gindin fitila, tsohuwar na gyara mata inda ta ce marubucin ya ɓata tatsuniyar, ƙannenta na leƙen hoto. Kakar har saƙo ta aiko, wai in akwai wani a ƙaro. A takardar masu zagaye wannan littafi ya lalace. A wurina kuwa shi kaɗai ne a duk makarantar ya yi aikin da aka buga shi dominsa.

Saboda haka roƙona na farko ko kwabo ba zai ci ba. Takardar umarni ce shafi ɗaya da sa hannunka, zuwa ga duk sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da hedimastoci. Ta ce littafin labari kamar alli yake, ƙarewa yake yi da amfani, kuma ba za a tuhumi kowa don ya yage a hannun yaro ba. Ta ce a raba su aji-aji, kowane malami ya riƙe ɗan littafin aro, yaro ya tafi da guda ran Juma'a ya dawo da shi Litinin. A ƙara gida na uku a takardar masu zagaye: yara nawa suka ara a wannan zango. Wanda aka tarar da kwalinsa da salatif ɗin kamfani ba a ɓare ba, shi za a yi wa tambaya. Wasu za su ɓata, na yarda. Wata uwar ma za ta naɗe ƙosai da shafi biyu. Duk da haka asarar ba za ta kai wadda gara ke yi mana a ɓoye ba.

Na biyu, jerin littattafan da ma'aikata ke amincewa da su. Duk shekara in ya fito na darasi ne zalla, Turanci da lissafi da sauransu, kamar yaro ba shi da wata hulɗa da takarda sai jarrabawa. Iyaye kan tare ni a bakin ƙofa su ce, "Malama, wanne za mu saya masa?" Ba ni da takardar da zan nuna musu, sai abin da ke kaina. Ga abin da nakan faɗa, ko zai yi wa kwamitinka amfani. Daga aji ɗaya zuwa uku, ƙananan littattafai masu hoto, jimla ɗaya ko biyu a shafi, da Hausar da yaro ke ji a gida, sannan tatsuniyoyi irin waɗanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara cikin Tatsuniyoyi da Wasanni. Daga aji huɗu malami ko uba ya riƙa karanta musu Magana Jari Ce da babbar murya kafin su iya da kansu. Aji biyar da shida su shiga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Ruwan Bagaja, inda rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke sa yaro dariya har ya manta karatu yake yi. Shaihu Umar dai a bar shi sai sakandare, zancen bauta da rabuwar ɗa da uwa ya yi wa ƙanana nauyi.

Ka lura kusan duk tsofaffi na lissafa? Nan ne abin kunyar. A 1933 Rupert East na ofishin talifi a Zariya ya sa gasar rubuta labarai, cikinta Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara suka fito. Bature ɗan mulkin mallaka ya gane sai an ba mutane abin da ke da daɗin karantawa kafin karatu ya zauna. Bayansa NORLA, hukumar adabi ta jihar Arewa, ta ɗora, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya. Yau shekara fiye da 90 da waccan gasa, har yanzu tuwon da suka tuƙa muke ɗumamawa. Kuma masu daɗin nan ma suna da giɓi: da wuya yarinya ta ga kanta a cikinsu a matsayin jaruma, ba kuma wanda zai ga ɗan adaidaita sahu ko ɗan gudun hijira. Marubuta kuwa ba mu rasa ba. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke nuna yawan matan da suka iya alƙalami. Ba sa rubuta wa yara ne don littafi mai hoto tsada gare shi wajen bugu, kuma ba tabbacin mai saye. Da ma'aikata za ta ce duk shekara za ta zaɓi goma ta saya wa makarantu, da ka ga rubutu kamar ruwan Agusta.

Kafin nan ma akwai na tsintuwa. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya bar kayan koyon karatu da Hausa, shafin African Storybook kuma na da labaran Hausa da kowa ke da izinin saukewa ya buga kyauta. Takarda da tawada kawai ake nema. Ina dai roƙo, in za a ba da kwangilar, a sa wanda ya san bambancin ƙ da k ya duba kafin a buga.

Akwai maganar rufin ajinmu da ke yoyo, da horar da malamai yadda ake karanta wa yara labari, da benci. Na bar su sai wani jiƙon.

Ranka ya daɗe, kwali uku suka rage a kabad ɗin, na ƙasa ya riga ya tafi. Damina na ƙaratowa, bangon ofishin kuma yana tsatsafo da ruwa. Na roƙi hedimasta ya ba ni ko guda 20 in sa hannu a kaina, ya ce shi ma yana so, amma sai ya ga takarda daga sama. Takardar a hannunka take. Mu dai ran Alhamis muna nan da tsohon littafin babana, mun kusa ƙare na ɗaya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malamar aji uku