A Duba Abin da Aka Yi Faranti da Shi Kafin a Duba Adonsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don in yi magana da 'yan'uwana mata, da mazan da kan sayo wa gida kaya, a kan farantai da kwanukan da muke zuba abinci a ciki kullum. Na daɗe ina koyar da girki da tattalin gida, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce wanne ya fi kyau, wanne ya fi ƙarko. Da wuya a tambaye ni da me aka yi shi. Ni kuwa a ganina daga nan ya kamata a fara, domin zafi da tsami suna aiki a jikin faranti ko muna gani ko ba ma gani.

Wanda ya fi damuna shi ne farantin melamin, wannan mai ƙyalli da za ki rantse tangaran ne sai kin ɗauka kin ji ba nauyi. Roba ce, an haɗa ta da sinadarai biyu, melamin da fomaldehaid. Na san abin da ya sa uwa take son sa: yaro ya yar da shi sau goma bai fashe ba. Amma zafi mai yawa da tsami suna sa ɓurɓushin waɗannan sinadarai su riƙa fita suna shiga abinci. Cibiyar da ke tantance haɗari ga lafiyar jama'a ta gwamnatin Jamus ta ja layi a digiri 70 na ma'aunin Salshiyas, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta ce kada a ɗumama abinci a cikinsa. Ruwa kuwa sai a digiri 100 yake tafasa. Ke nan abin da aka kwaso daga tukunya yanzun nan ya wuce wannan iyaka.

Duniya ta san illar melamin a shekarar 2008, lokacin da aka gano an zuba shi a madarar jarirai a ƙasar Sin: jarirai wajen 300,000 suka kamu da rashin lafiya, akasari ciwon ƙoda, shida suka rasu. Gaskiya ne, abin da ke fita daga faranti bai kai ko kusa da wancan ba, kuma ba na son in tayar wa kowa da hankali. Amma lamarin ya nuna mana inda wannan sinadari yake yin ɓarna a jiki, kuma ƙodar yaro ba abin gwaji ba ce. Ban ce a zubar da su ba. A bar su ga abu mai sanyi ko wanda ya huce, kada a sa su a na'urar ɗumama abinci ta mikrowef, wanda kuma ya dushe ya karce har ya yi kaushi a raba shi da abinci. A yi hattara da kofuna da kwanukan da ake tallatawa da sunan na itacen gora ne. Da yawansu garin gora ne aka cuɗa da wannan robar, har Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsu.

Tangaran shi ne zaɓina ga abinci mai zafi, sai dai suna ne ɗaya ya tara iri-iri. Akwai wanda ake gasa yumɓunsa a digiri 1,000 zuwa 1,150. Yana da kauri amma cikinsa na shan ruwa, bakinsa kuma saurin ɓantarewa gare shi. Akwai wanda ake kai wa 1,200 zuwa 1,300, ya yi tauri kamar dutse. Sai farin nan na asali da ake yi da farin yumɓu mai suna kawolin, wanda gashinsa kan kai 1,400. Mutanen Sin suka fara yin sa, sai a 1710 Turawa suka buɗe masana'antarsu ta farko a Maisen ta Jamus. Ga yadda nake koya wa ɗalibaina su bambance: a ɗan ƙwanƙwasa bakin farantin da farce, mai kyau zai yi ƙara mai tsawo, wanda bai sha wuta sosai ba ko mai tsaga sai ya yi dum. A kuma ɗiga ruwa a zoben gindinsa inda ba a yi masa shafen ƙyalli ba. In ya shanye, to mai shan ruwa ne. Akwai wani iri mai laushin fari da aka inganta a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 18, wanda ake haɗawa da tokar ƙashi, galibi na shanu. Na faɗi haka ne don akwai masu son sanin abin da ke cikin kayansu.

Hatsarin tangaran yana cikin shafen da ke sa shi ƙyalli da kuma fentin adonsa. Wasu masu ƙira suna sa dalma a shafen, launukan ja da ruwan ɗorawa masu haske kuma wani lokaci da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ake yin su. Idan gashin bai nuna ba, ko shafen ya tsufa ya yi tsage-tsage, abu mai tsami yana narko da gubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ta fi shan wahala. Shi ya sa nake roƙon a zaɓi mai farin ciki marar zane a wurin da abinci ke taɓawa. In kika shafa zanen kika ji ya ɗan tashi sama da fuskar farantin, to a kan shafen aka yi shi, zai kuma goge a hankali. Irin wannan a ajiye shi ado.

Gilashi ba ya shan wari, ba ya riƙe maiƙo, tsami kuma ba ya cin sa. Wanda aka ƙarfafa da wuta, irin na Duralex ko Corelle, yana jure faɗuwa, amma ranar da zai fashe warwatsewa yake yi, don haka a share wurin sosai. Abin da gilashi ba ya so shi ne a fito da shi daga sanyi a antaya masa tafasasshen abu.

Ga yara kuwa, ban ga wanda ya kai ƙarfe marar tsatsa ba. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa. A nemi wanda aka buga wa 18/8 ko 18/10 a gindi. Lambar farko kason kuromiyam ne cikin ɗari, ta biyu na wani ƙarfe mai suna nikel. Kwanon ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, saboda haka a lura da hannun yaro, kada a bar abu mai gishiri ya kwana a ciki, kuma shi ma ba na mikrowef ba ne. Kwanon langa gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Lafiya lau yake har sai ya ɓantare daga ciki, daga nan tsatsa ta samu ƙofa.

Ya Edita, abin da ke ba ni takaici shi ne farantai da yawa suna zuwa babu ko harafi ɗaya a gindinsu, babu sunan abin da aka yi su da shi, babu iyakar zafin da za su ɗauka. Mai saye ba ta da hanyar sani, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Ina roƙon ku gayyato masanin sinadarai da likitan yara a shafinku na lafiya su yi wa jama'a bayani, ku kuma tambayi hukumomin da ke duba ingancin kaya ko suna gwada farantai don neman dalma kafin su isa hannun iyalai.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar tattalin gida