Ba duk mai tarkace a ɗaki ba ce ƙazama

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wasu manya da muke ta yi wa laƙabi da ƙazamai ko 'yan shiririta, alhali wasunsu lalura ce ke ɗawainiya da su.

Kowa ya san irinsu. Matar da za ta ɗora tukunya ta tafi ɗauko gishiri, ta ga wanki ta tsaya jiƙa shi, waya ta yi ƙara ta zauna, sai ƙauri ne zai tuna mata akwai girki. Ko magidancin da kullum safiya yana neman makullin mashin yana zagin yara. Likitoci na kiran abin ADHD, matsalar tattara hankali wuri ɗaya da tsara aiki ce, tun ƙuruciya take farawa kafin shekara 12, kuma da yawa suna girma da ita, ƙiyasin masana manya 2 zuwa 3 ne cikin kowane 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Ban ce duk ɗakin da ya yi kaca-kaca ADHD ba ce fa, akwai lalaci na gaske, akwai ciwon damuwa, akwai kuma gajiyar mace mai yara shida a ɗaki da falo.

Abin da ya fi damuna shi ne irin taimakon da muke yi musu. In suna ko biki ya taso sai 'yan uwa su yi gayya su zo, a ce wa matar gidan ke fita ki ba mu wuri, a share a goge tas, a cusa komai cikin Ghana-must-go a tura ƙarƙashin gado, ana yi ana habaici. Sati biyu ɗaki ya koma gidan jiya, ƙari ma yanzu ba ta san inda aka sa mata katin asibitin yara ba, almakashi kuwa sai ta sake saya, don mai wannan lalura abin da idonta bai gani ba to ta manta da shi. Sai a ce ai ba ta jin magana. Aure nawa ya mutu a kan haka.

A Amurka wannan sana'a ce guda, akwai kociyoyi, wato masu horar da mai wannan lalura kan tsara aikinsa, da masu shirya gida da ake biya, ba likitoci ba ne kuma ba sa ba da magani. Su ba sa yi wa mutum gyaran, tare suke yi da shi. A ɗauki lungu ɗaya kacal, a saita agogon waya minti 15 ko 20, kaya a raba uku, na ajiyewa, na bayarwa, na shara, kuma mai kayan ita ke yanke hukunci. Abin da ake amfani da shi kullum a bar shi a fili cikin kwando mara murfi, makulli a kafa masa ƙusa ɗaya bakin ƙofa. Wani lokacin ma zama kawai kocin zai yi a gefe mutum na aikinsa, ganin wani a kusa na hana hankali tafiya yawo. To wannan wace ƙanwa ko aminiya ce ba za ta iya ba? Ki zauna kina tsinkar zogalenki tana ninke kaya, ki dai riƙe bakinki. Kuma a faɗi gaskiya, kulolin jere da ba a taɓa zuba musu abinci ba su ne rabin tarkacen.

Tabbatar da lalurar kam aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, akwai su a Barnawa ta Kaduna, Kware, Maiduguri, Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Akwai magani irin su methylphenidate amma likita ne kaɗai ke rubuta shi, kar wani ya ruga kemis.

Roƙona Malam Edita, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi mana bayani da Hausa a shafinku na lafiya, a tambaye shi musamman yadda abin ke bayyana ga matan aure. 'Yan matanmu masu zuwa jeren amarya kuma da za a koya musu wannan aiki, ni dai zan biya a je wa yayata.

Taku,
wata malamar firamare daga Zariya