Wasiƙa zuwa ga Yaya kan maganar Auta da ginin tukwane

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da iyali gaba ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da duhu, ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi. Aiki kuwa sai godiya.

Na saurari saƙonka na murya kan Auta. Ka ce ta kafe sai fannin ginin tukwane za ta karanta a jami'a, kai kuma ba za ka zuba kuɗin makaranta ba don 'yarka ta ƙare a cuɗa laka. Na so in kira ka, sai na tuna mu biyu in muka hau waya babu mai bari wani ya kai aya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka laluba aljihu ka ciro naira ashirin, in har yanzu tana da abin da take saye. Gabanta Murtala ne. Ka juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gini ita ce Ladi Kwali, kuma a garinmu ta yi aikin da ya kai ta kan kuɗi. Mun taso muna wuce wurin aikin nan a Suleja, ba mu taɓa leƙawa ba. Ni sai da na zo Ingila na san ko ita wace ce a idon duniya.

Akwai ajin koyon gini da nake zuwa ranar hutuna, don in ɗan sarara daga aikin jinya. Malamar dattijuwa ce Baturiya, hannuwanta duk sun yi kanta. Ranar da ta ji daga inda na fito sai ta ajiye abin da take yi, ta kama hannuna da lakarta da komai, ta ja ni jikin bango. Ga naira ashirin ɗinmu an sa mata gilashi an rataye. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin tukunyar Ladi a gidanmu. Na ce mata randar Gwarawa dai muna da ita a gindin bishiya, a cikinta muka sha ruwa muka girma. Tun daga ranar ta daina kirana da sunana, sai 'yar garin Ladi.

An haifi Ladi a Kwali wajen 1925, Bagwariya ce, wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya, kamar yadda 'yan matan Gwari suke koya. Babu inji, babu komai. Curin yumɓu za ta ajiye, ta luma hannu ta jawo shi sama, ta riƙa murza laka kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi. Sannan ta bi jikinta da zane: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu, kowanne cikin gidansa, an kewaye shi da layuka. A nan in suna ba da labarin sai ka ji sun ce wani Bature ne, Michael Cardew, ya gano ta. Wannan magana tana ci mini rai. Kafin Cardew ya taka ƙasarmu, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riga ya san hannunta yana tara tukwanenta, kuma a fadarsa Baturen ya fara ganinsu. Mai gari ya riga baƙo gani.

Amma a ba kowa haƙƙinsa. Cardew gwani ne, almajirin Bernard Leach, wanda masu gini a nan suke ɗauka uban sana'ar. Ya yi aiki a Gana kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi, ya buɗe makarantar koyon gini a tsohuwar Abuja, wato Sulejarmu, a 1952. Ya zaɓi garin ne saboda akwai yumɓu mai kyau da itace da ruwa, ga Sarki ya ba da goyon baya. Da farko maza kawai ake ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko, daga baya wasu suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido. Ta koyi gini a kan faifan juyi, ta yi kwanuka da butocin shayi da farantai, amma ba ta saki randarta ba. Da hannu ta ci gaba da gina ta yadda ta saba, sai dai yanzu a cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli, a gasa a murhun itace mai zafin da ya haura digiri 1200.

Nan ne abin da na fi tsayawa a kai. A 2022 an yi wani baje koli a Landan, a wani gida da ake kira Two Temple Place a bakin kogi, na je na tsaya gaban randarta. Duhun kore ce mai sheƙi, cikinta a cike, wuyanta gajere. In ka matso za ka ga layukan ba su yi daidai-wa-daida kamar na inji ba, ana ganin inda hannu ya tsaya ya ci gaba, ƙadangaren kuma kamar zai motsa. Kyau kam ba a magana. Amma Yaya, randar nan ba ta sanyaya ruwa. Tamu ta gida da ake gasawa a fili da ciyawa da kirare, a yayyafa mata makuba tana da zafi, tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Wannan kuwa wuta ta toshe ta, ta yi nauyi, ba mai ɗaukarta zuwa rafi. Gwamnati ta so a yi kwanukan da 'yan ƙasa za su saya maimakon na waje, ƙarshe Turawa da masu hali ne suka fi saye. Don haka ba zan ce maka duk abin da aka yi a wurin nan riba ce ba. An samu abin kallo, an rasa abin shan ruwa. Ni dai ina ganin duka biyun hannu ɗaya ne, kuma wanda ya raina ta gindin bishiya bai isa ya yabi ta cikin gilashi ba.

An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta zo nan da kanta ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Matar da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, Najeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta masana a 1980. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan Cardew. Allah ya jiƙan maza da mata.

Lambobin yabo ba su dame ni ba kamar almajirai. Akwai wata 'yar Kenya, Magdalene Odundo, tana ɗaliba a nan Ingila Cardew ya ba ta shawarar ta tafi garinmu. Ta je a 1974, ta zauna gaban Ladi ta koyi gini da hannu. Yau tana cikin manyan magina na duniya, Sarauniya ta ba ta sarauta, an naɗa ta uwar wata jami'ar fasaha a 2018, tukunyarta guda kan tashi fam dubu ɗaruruwa a gwanjo. Har gobe da hannu take gini, ba ta shafa ruwan ƙyalli, goge tukunyar take yi har ta yi sheƙi, kuma ba ta ɓoye wurin wanda ta koya. Wata ta taso daga Kenya ta ratsa Ingila don ta zo ƙofar gidanmu neman abin da kake cewa 'yarka ta fi ƙarfinsa. Ka yi haƙuri da bakina, amma abin da ke nan ke nan.

Na san tsoronka. Kana tunanin abin da za ta ci, da abin da dangin miji za su ce. Ba zan yi maka alkawarin arziki ba, don a nan ma yawancin masu gini da koyarwa suke haɗawa kafin su biya haya, malamarmu ma haka. Amma fannin yana nan a Zariya, a sashen zane-zanen masana'antu, kuma wanda ya karanta shi bai tsaya a randa ba, akwai tayil da kayan banɗaki da kayan cin abinci, ga koyarwa. Sana'a sa'a, ba wanda ya san inda abincinsa yake.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ka yanke hukunci, ka ɗauki Auta ranar Asabar ku je Ushafa, wajen Bwari, inda Bill Clinton ya ziyarci masu gini a 2000. Ka bar ta ta sa hannu a yumɓu, kai kuma ka zauna gefe ka kalle ta. In wasa take yi za ka gane, in da gaske take za ka gane, ka fi ni sanin 'yarka. In ka amince, kuɗin rajista da kayan aiki na shekarar farko a wuyana, zan turo ta hanyar da muka saba. Kada ka gaya mata wannan tukuna.

Ka ce wa Inna kada a bari yara su fasa tsohuwar randar nan, kuma a ɗauko mini hotonta ta kowane gefe, malamarmu ta dame ni sai ta ga zanen. Ka gaida Anti da yara, da su Kawu, da mutanen masallacin unguwa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙanwarka