Tukunyar da kika gani a hoto

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Kuka da busasshiyar kuɓewar da kika aiko sun iso Niigata lafiya, Allah ya bar zumunci.

Kin tambaye ni abin da ya sa na zuba kuɗi masu yawa a tukunyar shinkafar da kika gani a hoton kicin ɗina. Wallahi ban yi da-na-sani ba. A nan Japan dafaffiyar shinkafa sunanta gohan, kuma da wannan kalmar suke kiran abinci baki ɗaya. Karin kumallo asagohan ne, na dare bangohan. Kin ga ke nan tukunyar, da suke kira suihanki, ita ce murhun gida. Daga cikinta ake zuba ta safe, a cika wa yara kwanon makaranta, a dunƙula sauran da ɗan gishiri a tafi da shi wurin aiki.

Da na zo, wata tsohuwar tukunya mai araha na saya. Kullum ƙasa ƙanzo, sama a caɓe, in ta kwana kuma ta yi rawaya. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta ɗanɗana sau ɗaya ta yi shiru. Washegari sai ga ta da nata kwanon a rufe. Na buɗe, tururi ya tashi, kowace ƙwaya tana sheƙi, tsaye da kanta amma manne da 'yar'uwarta, har da ɗan zaƙi-zaƙi ba miya ba mai. Shinkafarmu ɗaya da ita, Koshihikari da ake nomawa a jiharmu, daga kanti ɗaya. Tukunya ce kawai ta bambanta.

Dattijuwar ce ta ba ni labarin mahaifiyarta, wadda kullum take tashi tun kafin asuba ta hura itace a murhun da suke kira kamado, ta zauna tana gadin wuta ko da ƙanƙara na zuba. Suna da wata magana ta da: fara da wuta kaɗan, ki ƙara a tsakiya, kuma ko jariri na kuka kar ki ɗaga murfi. Sai a 1955 kamfanin Toshiba ya fito da tukunyar lantarki mai kashe kanta in shinkafa ta nuna. Wata mata, Fumiko Minami, matar mai ƙaramar masana'antar da aka ba aikin, ita ta yi ta dafawa tana auna zafi, cikin sanyi da rana, har aka gano lokacin da ya dace wuta ta ɗauke. Da na ji haka, Inna na tuna, da hayaƙin da ya cinye mata ido shekara da shekaru.

Yanzu da dare nake auna kofi biyu (kofinsu mililita 180 ne), in wanke, in zuba ruwa daidai layin da ke jikin tukunyar, in saita lokaci in kwanta. A azumin bana ita ta riƙa tashina sahur da ɗan kiɗanta, ƙamshi ya cika ɗaki. Ga shi kuma shinkafa ta yi tsada, a 2025 kilo biyar ya haura yen 4,000, ba wadda za ta so ta ɓata ko cokali ɗaya. Kuma da yake tasu mai danƙo ce, in na ƙara ruwa na tuƙa, tuwo take yi mai kyau. Jiya da miyar kukarki muka ci, ni da dattijuwar, har ta nemi ƙari.

Kin ce in taho miki da irin tukunyar. Zan taho da ita in sha Allah, amma ba irin tawa ba. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu ta gida 230, kina jona ta za ta ƙone. Akwai waɗanda ake ƙera wa matafiya, a Tokyo zan nemo miki. Ki faɗa mini ku nawa ne yanzu a gidan, in san girman da zan saya.

Ki gaishe da Inna sosai, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Niigata