Rahoton ayyukan bana ga 'yan ƙungiya, da halin da kifin dam ɗin Watari yake ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa masunta da 'yan fatsa, iyayenmu dattawan ruwa Allah ya ƙara girma. Ga rahoton shekara nan, na san ya makara, tun makon jiya aka ce in fitar da shi to littafin ma'aji bai zo hannuna ba sai shekaranjiya, shi ma ba laifinsa ba ne bawan Allah, yana ta bin mutane gida-gida ne ko a samu ɗan abin da za a rubuta a ciki. Wanda ya san ba zai iya karantawa har ƙarshe ba dan Allah ya sa ɗansa ya karanta masa, kar a zo ranar mitin ana tambayata abin da na riga na rubuta.

Mitin ɗin wata-wata duk mun yi, in ban da na cikin azumi da guda ɗaya da ruwan sama ya hana.

To maganar kuɗin wata, da ita zan fara tunda duk abin da za ku ga ba a yi ba a ƙasa daga nan ya taso. Waɗanda suka biya nasu cif-cif na shekara ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba, wasu sun biya wata uku sun ɓace, wasu kuma tun ranar da suka karɓi katin ƙungiya ba mu sake ganin sisinsu ba, amma in aka ji ƙishin-ƙishin za a raba wani abu su ne a layin gaba da kati a hannu. Kuɗin nan fa bai kai kuɗin karfasa biyu masu kyau ba. Na je wa mutum har bakin ruwa da asuba yana sauke kifi, dillalai sun kewaye shi ana ƙirga masa kuɗi a idona, ya kalle ni ya ce Sakatare wallahi yau ba a samu komai ba. Ni ba albashi nake ɗauka ba, man babur ɗina nake ƙonawa, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ba zan kama suna a nan ba, amma ma'aji ya ce ranar babban taro zai karanta littafin kamar yadda yake, ni dai na faɗa.

Halin da ruwa yake ciki ba sai na gaya muku ba, ku ne a cikinsa. Karfasa tana nan da yawa amma ta ƙanƙance, abin da ake fitarwa yanzu yawanci ba ya wuce tafin hannu, alhali dattawanmu da suka fara su a nan tun bayan da aka gama dam ɗin a 1980 suna ba mu labarin karfasar da guda biyu ke cika kwano. Tarwaɗa ita ce har yanzu take rufa mana asiri, kurungu yana nan da ƙayarsa yana yaga mana kalli, ragar nan da muke kafawa a ruwa kifi ya maƙale, kamar kullum, kawara kan zo da yawa in ruwa ya cika, ragon ruwa kuwa sai mutum ya yi kwanaki bai ga babba ba. Wasu na cewa abu ne daga Allah, ba mu musa ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, ta hana zuba guba, ta hana nakiya da lantarki. Yanzu kowa ya je ya sa yatsunsa a idon kallinsa ya gani, akwai masu yatsa ɗaya a cikinmu, akwai ma masu jan gidan sauron da aka raba wa matansu saboda zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauro ba ya barin komai, har ɗan kifin da bai kai farce ba kwashe shi yake, a shanya a ƙasa a sayar wa masu kaji.

Abin da nake so matasanmu su gane, karfasa ba kamar sauran kifi take ba. Namijin ne yake haƙa ɗan rami a yashi a wurin da ruwa bai da zurfi, macen ta zuba ƙwai sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ko bayan sun fito in suka ji tsoro bakinta suke komawa. Duk wanda ya taɓa kama karfasa ya ga tana zubar da ƙwai daga baki ya san abin da nake faɗa. In ka ja taru, babbar ragar nan ta ja, a bakin gaɓa ka rushe ramin ka kama uwar, ba kifi ɗaya ka kama ba. Tarwaɗa kuma ruwan farko take jira, da zarar ruwa ya hau kan ciyawa a Yuni zuwa Agusta sai ta bi shi da daddare ta zuba ƙwanta a jikin ciyawar, a daidai lokacin ne kuma mutanenmu ke tare bakin rafi da gura, wato tarkon kifi, suna kwashe masu ciki suna murna wai kasuwa ta buɗe.

Ba duka laifin masunta ba ne, gaskiya ɗaya ce. Laka da yashi na ta shigowa duk damina saboda an nome har bakin ruwa, ciyawar kachalla tana cin wasu lunguna, masu noman rani wasu a bakin ruwan suke wanke tankin feshi, in bazara ta yi aka saki ruwa zuwa gonaki dam ya ja baya kifi ya taru wuri ɗaya sai kowa ya far masa. Sau ɗaya bana aka wayi gari da matattun kifi a wani lungu, ana zargin gamalin ne, maganin ƙwarin nan mai guba, ba mu kama kowa ba don haka ba zan ɗora wa kowa ba, amma mai yin wannan ya tuna ruwan nan shi ake tacewa jama'a su sha, shi shanu ke sha, shi 'ya'yansa ke wanka a ciki.

Sai ayyukan da muka ce za mu yi ba mu yi ba, don na ji ana ta maganganu a bayan ido wai kwamiti ya ci kuɗi. Wane kuɗin? Zuba 'ya'yan kifi a dam ba a yi ba. Mun je wurin masu ƙyanƙyasa mun ji farashi, abin da ke asusu ko rabin kuɗin bai kai ba balle motar ɗauko su, sannan ni kaina na ce a dakata, domin in ka zuba 'ya'yan kifi yau gobe gidan sauro ya kwashe to ka zuba kuɗi a rijiya ne. Murhun banda na zamani da muka fara ginawa, irin mai faranti hawa-hawa da matan Ghana ke amfani da shi wanda ba ya cin itace da yawa, an yi gindin an tsaya a wurin waya da katako, bulon yana nan kowa na gani ba wanda ya ɗauke shi ya kai gidansa. Jirgin sintiri yana kife yana jiran kafinta. Takardar neman tallafi mun kai ofishin da ya dace sau biyu, an karɓa an sa hannu, har yau dai muna jira.

Wanda ya fi damuna shi ne rigunan kariya na ruwa. Mun sayi 'yan kaɗan, sauran sun gagara. Mu mutanen Bagwai bai kamata a tsaya ana roƙonmu a kan wannan ba, ba wanda ya manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 da jirgi ya kife da mutanen Badau a ruwan nan, sama da mutum 20 suka rasu yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da suka taso zuwa Maulidi, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Kuma 'yan rigunan da muka saya ma na ga wani ya mai da tasa matashin kai a cikin jirgi.

Yanzu bari in zo wurin da zuciyata ta yi fari. Kun tuna rigimar da aka sha a mitin ɗin kafin damina da muka ce a rufe lungun nan mai ciyawa, ba kalli ba birgi (ragar jifa) ba taru ba mamari (dogon zare mai ƙugiyoyi) har sai an yi girbi? Har wani ya tashi ya ce za mu kashe shi da yunwa. Dattawa suka tsaya kai da fata, Allah ya saka musu, matasa shida suka riƙa kwana bi da bi suna gadi ba ko sisi, da jirgin aro ma tunda namu na kife. Bayan kaka kafin sanyi ya kankama muka buɗe shi da gasar fatsa ta yini guda, ƙugiya kawai, kowa sanda ɗaya, duk kifin da bai kai tafin hannu ba a cire masa ƙugiya a hankali a mai da shi ruwa.

Jama'a gani ya kori ji. Tun bayan sallar asuba bakin ruwa ya cika, mutanen Kiyawa da Gogori da Romo sun zo, ma'aikata daga Bichi sun zo, har daga cikin birnin Kano wasu samari suka zo a mota biyu da sandunan nan na kanti masu wili a gindi da akwatin ƙugiyoyi kala-kala da kifin roba. Yaranmu kuma ga su da sandar gora da zare da toton kara, gwangwanin tana a gefe. Da farko 'yan birni na jifa can tsakiyar ruwa muna kallo ana ta sha'awa, har hantsi ba abin da ya taɓa kifin robar nan, yaranmu kuwa a gindin ciyawa sai cirowa suke, karfasa manya masu jan wutsiya irin waɗanda muka daɗe ba mu gani ba. Daga baya sai ga ɗan birni ya zo ya durƙusa gaban wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana cewa ƙanena sayar min da tana, aka yi ta dariya, yaron kuwa ya sayar masa da tsada, jinin masunta ne.

Wanda ya ci gasar kowa ya san shi, Baba ne da ake cewa ya tsufa ya bar ruwa. Bai yi gaggawa ba, ya zauna can gefe inda wani kututture ya nutse, ya sa hanjin kaza da ya kwana, bai ɗaga sanda ba har aka yi azahar, mutane na tsokanarsa ko barci yake. Wajen la'asar sai muka ga gorar ta lanƙwashe kamar za ta karye, Baba ya miƙe yana bin bakin ruwa yana saki yana ja, yana saki yana ja, jikokinsa na ihu, da ƙyar aka sa homa aka tallafo ta. Tarwaɗa ce baƙa ƙirin, tsawonta daga yatsana har kafaɗa, kanta kamar faranti. Wallahi na ga dattijo yana share hawaye a wurin. Matan da suka kafa kasko suna suya kafin magariba ba wadda ta rage ko ƙaya, masu shayi da masu rake da 'yan acaɓa kowa ya samu, kuma ɗan kuɗin shiga da baƙi suka biya a yini ɗaya ya fi abin da muka tara na kuɗin wata a wata uku, wannan kuma kowa ya auna da kansa. Kyautar da aka ba Baba da na biyu da na uku wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyi ya ce kar a ambaci sunansa, Allah ya ƙara buɗi. Godiya ta musamman ga masu unguwanni da 'yan sintiri da suka tsare wurin, ko allura ba a ce ta ɓata ba.

Abin da ya ba ni haushi kawai, wasu 'yan ƙungiya da ba su zo gadi ko dare ɗaya ba, ba su zo sharar wurin ba, ranar kuma sun fi kowa shiga hoto, kwana biyu bayan gasar da daddare sai ga kalli a cikin lungun. Mun cire shi yana wurin ciyaman, mai shi ya zo ya karɓa in yana da ido.

Game da baɗi, ni a ganina harkar fatsa tana da gaba a dam ɗin nan in mun riƙe ta. Samarin Kanon nan sun dawo sau biyu ranar Asabar, sun ɗauki hayar jirgi da mai tuƙi sun sayi tana sun ci kifi, abin da mai jirgin ya samu a ranar bai samu a kalli ba. Suna tambayar giwan ruwa, na ce musu wannan sai su nufi Tiga, mu abin da za mu iya yi musu alkawari karfasa ce da tarwaɗa. Na kuma gaya musu kar su wahalar da kansu a tsakiyar hunturu, ruwa in ya yi sanyi kifi yana sauka ƙasa ba ya cin koto sosai, lokacin da ya fi shi ne bayan kaka da kuma in zafi ya fara, da sassafe ko yamma lis, tarwaɗa kuma ta fi ci da daddare. Kwamiti zai kawo shawarar a rufe lungu biyu baɗi maimakon ɗaya, a kuma sa wa kowa wa'adin canja kalli mai ƙaramin ido, na san za a yi hayaniya a kai, a zo a yi ta a wurin taro kar a yi ta a teburin mai shayi.

Babban taro ranar Juma'ar farko ta wata mai kamawa bayan la'asar a inda muka saba. Akwai zaɓen sakatare, ni na yi iya nawa, wanda yake ganin aikin da daɗi ga biro ga littafi. Kowa ya taho da katinsa da bashin da ake binsa, sannan wanda ya ari sikelin ƙungiya ranar gasa dan girman Allah ya dawo da shi, na aro ne mu ma.

Wassalam,
Sakatare